Takwara a cikin manhaja: yadda ake tsara samfuran shafukan intanet da raɗa musu suna

Abu ne da yakan faru a shafukan intanet masu sassa da yawa. Mai karatu ya latsa wajen da aka rubuta "Farashin kasuwa", sai shafi ya buɗe da kanun "Labarai" a sama, ƙasa kuma fayau, babu farashin gero balle na wake. Kwamfutar da ke ɗauke da shafin ba ta nuna alamar kuskure ba, bayanan farashin suna nan daram a rumbunsu, kuma babu wanda ya yi kutse. Sau da yawa musabbabin ƙarami ne ƙwarai: fayiloli biyu ne ke da suna iri ɗaya, manhajar ta ɗauki wanda ta fara cin karo da shi.

Wannan batu ya shafi duk mai gina shafin da ake sa ran zai girma, musamman masu aiki da harsuna biyu. A Jamhuriyar Nijar, kundin sake gina ƙasa na shekarar 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kafafen yaɗa labarai, makarantu da ƙungiyoyi masu son yin magana da jama'a cikin Hausa da Faransanci suna buƙatar shafukan da za a iya faɗaɗa su ba tare da sun rikice ba. Kuma tushen wannan yana cikin abin da ake yawan rainawa, wato inda aka ajiye kowane fayil da sunan da aka raɗa masa.

Mene ne samfuri?

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar haihuwa ya san cewa ba a zauna aka tsara masa tasa shi kaɗai ba. Akwai fom guda da aka buga, mai gurabe: suna, ranar haihuwa, sunan uba, sunan uwa, gari. Ma'aikaci cike guraben kawai yake yi. Haka samfurin shafi yake. Fayil ne da aka rubuta da harshen HTML, aka bar gurabe a cikinsa. Idan mai karatu ya nemi wani labari, manhaja takan je rumbun bayanai ta ɗauko kanun labarin, da sunan marubuci, da hoto, da rubutun, ta zuba su a guraben, sannan ta tura wa wayarsa cikakken shafi. Jaridar da ke da labarai dubu goma ba ta da shafuka dubu goma da aka rubuta da hannu. Samfuri ɗaya ne ke fitar da su duka.

Muddin shafin ƙarami ne, samfura biyar ko shida sun isa, kuma ko an zuba su a folda ɗaya babu matsala. Rikici yana somawa ne ranar da aka ƙara sashen kasuwa, da na wasanni, da na rediyo, da na masu rajista, da na editoci. A nan ne masu rubuta manhaja ke komawa ga gini sashe-sashe: kowane ɓangare ya zama kamar ɗaki mai zaman kansa a cikin gida ɗaya, da dokokinsa, da bayanansa, da samfuransa. Amfanin haka a fili yake. Mutum biyu za su iya aiki a lokaci guda ba tare da sun taka ƙafar juna ba, kuma ana iya ciro sashen kasuwa a dasa shi a wani shafin daban.

Sai dai kowane sashe yana buƙatar shafin farko, da shafin jeri, da shafin cikakken bayani. Kowane mai rubutu kuma sunan da ya fara zuwa masa a rai shi yake sa wa: index.html, ko jeri.html. Nan take aka samu takwarori.

Yadda manhaja ke neman samfuri

Django na cikin sanannun kayan gina shafukan intanet da harshen Python. A ofishin wata jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka fara shi a shekarar 2003, aka sake shi ga jama'a a 2005. Sunansa ya samo asali daga makaɗin jita Django Reinhardt, wanda ya yi tashe a Faransa.

A Django, kowane sashe yana iya samun folda mai suna templates. Mai koyo yakan ɗauka cewa idan sashen kasuwa ya nemi jeri.html, to a foldar kasuwa za a duba. Ba haka abin yake ba. Django yana kallon dukkan foldojin samfura tamkar kwando ɗaya ne, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Yakan fara da foldojin da aka lissafa a ƙarƙashin DIRS cikin fayil ɗin saituna, wato na aikin gaba ɗaya. Idan bai samu ba, sai ya bi sassan bisa jerin da aka rubuta su a INSTALLED_APPS. Fayil na farko da sunansa ya dace, shi ya ci. Ba ya tambayar wane sashe ne ya yi kiran.

Malaman makaranta sun san irin wannan. A aji mai Ibrahim huɗu, idan malam ya kira "Ibrahim" kawai, wanda ke gaba ne zai amsa, ko da na ƙarshen benci ake nufi. Saboda haka idan an rubuta labarai kafin kasuwa a jerin sassa, duk lokacin da kasuwa ta nemi jeri.html, na labarai za a miƙo mata. Abin da ke ƙara ɓoye matsalar shi ne, idan samfuri ya nemi wani bayani da ba a ba shi ba, Django ba ya tsayawa ya yi ƙorafi, gurbin kawai yake bari babu komai. Samfurin labarai yana jiran jerin labarai, an kawo masa jerin farashi da wani suna daban, sai ya fito da kanu da fili fari.

Flask, wanda Armin Ronacher ya fitar a 2010, shi ma haka yake aiki. Sassansa ana kiran su Blueprint, kuma an shigo da su a 2011. Foldar samfuran babbar manhaja ita ke gaba, ta sassa na biye. Idan sassa biyu suka kawo suna ɗaya, wanda aka fara yi wa rajista shi ke rinjaye.

Maganin: a haɗa da sunan gari

Makarantun ƙasar Hausa sun daɗe da warware matsalar takwara. Wannan Ibrahim Tasawa, wancan Ibrahim Madawa, ɗayan Ibrahim Daura. Abin da jagororin Django da Flask suka ba da shawara ke nan: a cikin foldar templates ta kowane sashe, a sake buɗe wata folda mai sunan sashen, a zuba samfuran a ciki.

labarai/templates/labarai/jeri.html
kasuwa/templates/kasuwa/jeri.html
wasanni/templates/wasanni/jeri.html

Mai gani a karon farko yakan ce maimaici ne, me ya sa kasuwa sau biyu? Amsar tana cikin yadda ake nema. Django yana watsar da duk abin da ya zo kafin kalmar templates, abin da ya biyo baya kaɗai yake ɗauka a matsayin suna. Kasuwa ta farko adireshin sashen ce a kan faifai, ta biyun kuma ɓangare ce ta sunan samfurin. Yanzu sashen zai nemi kasuwa/jeri.html, kuma babu wani fayil mai wannan suna a duk manhajar sai ɗaya. Darasin farko na Django, wanda ake gina manhajar jefa ƙuri'a a cikinsa, da wannan tsari yake farawa: polls/templates/polls/index.html.

Django da kansa yana bin ƙa'idar a cikin shirye-shiryen da yake zuwa da su. Idan sashe mai suna labarai yana da nau'in bayani mai suna Labari, kuma ba a faɗa masa sunan samfuri ba, zai nemi labarai/labari_list.html domin jeri, labarai/labari_detail.html domin cikakken bayani, labarai/labari_form.html domin fom ɗin shigarwa, da labarai/labari_confirm_delete.html domin tabbatar da gogewa. Wanda ya bi wannan salo ya rage wa kansa rubutu, kuma duk wanda ya san Django zai gane aikinsa da kallo ɗaya.

Tarkon da ya kama masu koyo da yawa

Akwai misali na zahiri da ke nuna abin da takwara ke jawowa. Django yana zuwa da tsarin shiga da fita na masu rajista, wanda ke neman samfuransa a folda mai suna registration. Yana kuma zuwa da sashen gudanarwa, django.contrib.admin, wanda shi ma yana da tasa foldar registration mai ɗauke da logged_out.html da samfuran sauya kalmar sirri. A sabon aiki, sashen gudanarwa ne ke saman jerin INSTALLED_APPS.

Sai mai gini ya zauna ya tsara nasa registration/logged_out.html a cikin sashensa, da tambarin jaridarsa, da saƙon ban kwana cikin Hausa. Ya gwada, sai ya ga shafin gudanarwa na Django ne ke fitowa. Fayil ɗinsa ba shi da aibi, layi ne kawai bai kai kansa ba. Ga mai karatu kuwa abin ya fi haka nauyi: mutumin da ya manta kalmar sirrinsa ya tsinci kansa a shafi mai wani launi da wani tambari, zai iya ɗauka an yi masa damfara ya rufe bai koma ba. Gyaran ba shi da wuya. Ko dai a ɗaga sashen sama da na gudanarwa a jerin, ko a mayar da fayil ɗin foldar aikin gaba ɗaya da ke ƙarƙashin DIRS, tunda ita ake fara dubawa.

Wannan tsari na wanda ya riga shi ya ci ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi. Shi ne ke ba da damar sauya kamannin sashen da wani ya rubuta ba tare da an taɓa fayilolinsa ba. Mai son sa sunan jaridarsa a saman shafin gudanarwa, sai ya ƙirƙiri admin/base_site.html a foldar aikinsa, nasa ya rufe na asali. Idan aka sabunta Django, gyaransa na nan. Ƙa'idar ke nan: suna iri ɗaya ya zama niyya aka yi, kada ya zama haɗari.

Samfura iri uku, kowanne da alamarsa

Bayan raba foldoji, sai bambance aikin kowane fayil. A yawancin shafuka samfura iri uku ne.

Na farko shi ne ginshiƙi, wanda aka saba kira base.html. Shi ke ɗauke da abin da kowane shafi ke da shi: tambari, jerin sassa, maɓallin sauya harshe, da bayanan ƙasan shafi. Sauran samfura suna gadon sa, su cike guraben da ya bari. Tsarin da ya fi yaɗuwa mai hawa uku ne: ginshiƙin shafin gaba ɗaya, sai ginshiƙin sashe kamar kasuwa/base.html, sai shafin kansa. Idan hawa ya wuce haka, gano inda wani layi ya fito yakan zama aiki.

Na biyu shi ne cikakken shafi, wanda ke da adireshin da mai karatu zai iya buɗewa.

Na uku shi ne guntu, kamar katin labari mai hoto da kanu, wanda ake sakawa a shafin farko, da shafin jeri, da gefen wani labarin. Al'adar da ta yaɗu ita ce a fara sunan guntu da ƙaramin layin ƙasa, kamar _katin_labari.html. A Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, wannan doka ce: idan aka ce a saka form, fayil mai suna _form.html.erb zai nema. Symfony, na Fabien Potencier da kamfanin SensioLabs na Faransa, shi ma jagoransa ya ba da shawarar layin ƙasa ga guntaye, da ƙananan haruffa ga dukkan sunaye. A Django da Flask ba tilas ba ne, amma yana taimakon ido.

Guntun da sashe ɗaya ke amfani da shi ya zauna a sashen. Wanda sassa biyu ko fiye ke buƙata ya koma foldar gama-gari. Idan sashen wasanni ya riƙa jawo guntu daga cikin kasuwa, ranar da aka cire kasuwa wasanni ma ya faɗi, an rasa amfanin rabawar ke nan.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Sunan samfuri ya faɗi aikinsa, kada ya faɗi kamanninsa. Fayil mai suna akwati_ja.html zai zama ƙarya ranar da aka mayar da akwatin kore, amma _sanarwar_gaggawa.html zai ci gaba da zama daidai. Haka kuma a guji jeri_sabo.html, jeri_sabo2.html da jeri_na_karshe.html. Adana tarihin gyare-gyare aikin Git ne. Bayan wata shida, ko wanda ya rubuta su ba zai tuna wanne ke aiki ba.

Yadda wasu suka warware ta

Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011 da harshen PHP, yana ajiye samfuransa a resources/views, yana kuma amfani da ɗigo a madadin layin raba folda: kasuwa.jeri na nufin fayil ɗin jeri da ke foldar kasuwa. Shi ya sa ba a sa ɗigo a sunan folda. Sashen da aka kawo daga waje kuma yana da nasa laƙabi da ake raba shi da ɗigo huɗu, kamar kasuwa::jeri. Symfony yana yin makamancin haka da alamar @ a gaban sunan sashe. A waɗannan biyun, sunan garin Ibrahim yana cikin tsarin tun asali, kuma mai son rufe samfurin wani yana da wuri na musamman: resources/views/vendor a Laravel, templates/bundles a Symfony.

WordPress, wanda kafafen labarai da dama ke amfani da shi, ya ɗora wa suna nauyi mafi girma, domin sunan ne ke yanke hukunci. A jigoginsa na gargajiya, idan aka buɗe rukunin da gajeren sunansa wasanni ne, zai fara neman category-wasanni.php. In babu, ya nemi mai lambar rukunin, sai category.php, sai archive.php, daga ƙarshe index.php. Edita da ya sauya gajeren sunan rukunin daga wasanni zuwa sports zai ga tsarin shafin ya canja nan take ba tare da gargaɗi ba, saboda an tsallake fayil na farko an faɗa na gaba.

Harshe biyu, samfuri nawa?

Jarabar da ke fara zuwa wa mai gina shafin Hausa da Faransanci ita ce ya kwafi komai gida biyu: folda ha da folda fr. A makon farko yana aiki. Daga baya a gyara ɓangaren Faransanci a manta na Hausa, shafukan biyu su fara bambanta, masu karatun harshe ɗaya su riƙa ganin tsohon tsari.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce samfuri ɗaya, kalmomin kuma a fitar da su zuwa fayilolin fassara. A Django ana yi wa kowace jimla alama a cikin samfuri, sannan a tara fassarorin a fayil irin locale/fr/LC_MESSAGES/django.po. Mai fassara zai yi aikinsa ba tare da ya taɓa HTML ba. Ginshiƙin shafi kuma ya riƙa sanar da harshen da ake ciki, ha ko fr, domin injinan bincike da manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu su gane.

Akwai inda raba fayil ya fi dacewa, wato shafuka masu dogon rubutu da ba sa sauyawa sosai, kamar sharuɗɗan amfani ko tarihin gidan jarida. Rails ya tanadi wannan: idan akwai show.fr.html.erb kuma harshen da aka zaɓa Faransanci ne, shi zai ɗauka, in babu ya koma show.html.erb. Lambar harshen tana cikin sunan, fayilolin biyu suna maƙwabtaka, da wuya a gyara ɗaya ba a ga ɗayan ba.

Haruffa masu ƙugiya da manyan baƙaƙe

A cikin rubutun da mai karatu zai gani, ƙ da ɗ da ɓ wajibi ne, haka ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Tsarin UTF-8 yana ɗaukar su duka. A sunan fayil kuwa gara a bar su. Ba kowane allon rubutu ke da su ba, kuma idan wani ya rubuta ƙasa.html, abokin aikinsa ya nemi kasa.html, kwamfuta ba ta san dangantakarsu ba. Harafin é na Faransanci ya fi haka rikici, domin ana iya adana shi ta hanya biyu, ko harafi ɗaya ko e da alamarsa daban, ido ba ya bambancewa amma wasu na'urori suna bambancewa. Alamar ɗauri ta 'y da tazara tsakanin kalmomi su ma suna kawo cikas wajen ba kwamfuta umarni a rubuce.

Sai batun manyan baƙaƙe. Windows da macOS a yadda suka saba zuwa ba sa bambance Jeri.html da jeri.html. Linux, wanda yawancin shafukan intanet ke zaune a kansa, yana bambancewa. Shi ya sa aiki kan yi lafiya a kwamfutar mai gini, a ɗora shi kan intanet ya ce bai ga samfuri ba. Ƙananan haruffa daga a zuwa z, da lambobi, da layin ƙasa sun wadatar.

Sunaye da Hausa ba laifi ba ne, labarai da kasuwa da wasanni duk suna aiki. Abin nema shi ne a tsaya a kan harshe ɗaya, kada a samu jeri a nan, liste a can, list a wani wuri. Sunayen da manhaja ta keɓe kuma ba a fassara su. Django yana neman 404.html idan ba a ga shafi ba, da 500.html idan wani abu ya lalace, kuma a bakin foldar samfura yake neman su, ba cikin foldar wani sashe ba.

Idan aikin ya riga ya rikice

Ba sai an rushe komai ba. Matakin farko shi ne a lissafa dukkan samfura a gano masu suna ɗaya. Flask yana da saiti mai suna EXPLAIN_TEMPLATE_LOADING, wanda idan aka kunna zai nuna duk inda ya duba da wanda ya ɗauka. Django kuma, a yanayin gwaji, yakan jero wuraren da ya duba idan bai ga samfuri ba. Wannan yanayi a kwamfutar mai gini kawai ake kunna shi, domin yana tona bayanan cikin manhaja ga duk wanda ya buɗe shafin.

Daga nan sai a ɗauki sashe ɗaya, a mayar da samfuransa cikin folda mai sunansa, a gyara duk inda ake kiran su, a gwada, sannan a wuce na gaba. A ƙarshe a rubuta ƙa'idojin a takarda guda cikin aikin: ina ginshiƙi yake, ina guntaye suke, da wane harshe ake raɗa suna, kuma waɗanne fayiloli ne aka sa da gangan don su rufe na wani.

Shugaban gidan jarida ko na ƙungiya da bai san rubuta manhaja ba ma yana da hanyar gwada aikin da aka yi masa kafin ya biya kuɗin ƙarshe. Ya buɗe shafin farashin kasuwa, ya kira wani mai rubuta manhaja da bai taɓa ganin aikin ba, ya ce ya nuna masa fayil ɗin da ke fitar da wannan shafi. Idan ya gano shi cikin minti ɗaya ta hanyar duba sunayen foldoji kawai, to ranar da wanda ya gina shafin ya samu wani aiki ya tafi, na bayansa zai iya ci gaba daga inda aka tsaya.